Yadda Ake Fita Cin Abincin Dare a Izakaya ko Pocha Ba Tare da Cin Abin Shakka Ba

Duk baƙon da ya sauka wurina a Tokyo, ɗalibi ne ko ɗan kasuwar da ya zo duba motoci da kayan gyaransu, kwanakinsa na farko a shagunan Indiyawa da 'yan Pakistan suke ƙarewa, shinkafa da miyar kori rana da dare. Wajen kwana na huɗu sai mu ratsa ta wani lungu, ya hangi jajayen fitilun takarda a rataye, hayaƙin gashi na fitowa ta ƙarƙashin wani guntun labule, ya ja ya tsaya. "Nan fa, me suke sayarwa?" Na sha amsa wannan tambaya, na kuma sha raka mutane ciki, shi ya sa na ga gara in rubuta abin kowa ya samu.

Irin wannan wuri shi Japanawa ke kira izakaya. Asalinsa shagon sayar da giyar shinkafa ne a zamanin Edo, ƙarnuka kaɗan da suka wuce, masu saye suka riƙa zama suna sha a nan take, har masu shago suka fara kawo musu abin taɓawa. Takwaransa a Koriya shi ne pojangmacha, a taƙaice pocha, wato rumfar tamfol a bakin titi, ko da yake yanzu da yawa sun koma cikin gini amma ba su bar kujerun roba da butocin alminiyam ba. Wani a ƙarƙashin ƙasa yake, wani bai ɗaukar fiye da mutum takwas, wani an lulluɓe bangonsa da tsofaffin takardun talla, wani kuma akwatunan kwalabe ne kujerunsa. Abu ɗaya ya haɗa su: ba a kawo maka tire guda ka ci ka tashi. Ƙananan faranti ake ta jerowa, goma ko fiye, a ajiye a tsakiya kowa ya ɗiba. Ga Musulmi, kowane faranti tambaya ce mai zaman kanta. Wanda bai shirya wa tambayoyin tun daga gida ba, ko dai ya kwana da yunwa ko ya kwana da shakka.

Abin da za ka tanada

- Katin bayani. Ka sa wanda ya iya harshen ya rubuta maka a takarda ko a waya cewa ba ka cin alade da kitsensa, ba ka cin naman da ba yankan Musulmi ba, ba ka shan giya, ba kuma ka son abincin da aka dafa da ita. Wannan ya fi komai muhimmanci.
- Waya mai caji da intanet, da manhajar fassara mai karanta rubutu ta kyamara. A Japan Google Maps ya wadatar. A Koriya ka sauke Naver Map, don shi ya fi sanin lunguna.
- Tsabar kuɗi. Ƙananan shaguna da rumfunan titi da yawa ba su karɓar kati. A Tokyo nakan ware yen 3,000 zuwa 5,000 ga kowane mutum.
- Katin jirgin ƙasa mai kuɗi a ciki: Suica ko Pasmo a Tokyo, T-money a Seoul.
- Fasfo ko katin zama. Dokar Japan ta wajabta wa baƙo ya riƙe ɗayansu a jikinsa.
- Safa mai tsabta marar huda, da takalmi mai sauƙin cirewa.
- Abokan tafiya. Mutum uku ko huɗu shi ne daidai. Kai kaɗai faranti uku za su cika ka. In kun wuce shida ƙananan wurare ba za su ɗauke ku ba.

Sai haruffa kaɗan da nake so idonka ya saba da su, don wani lokaci waya kan ƙi aiki a ƙarƙashin ƙasa. 豚 shi ne alade a rubutun Japan, 酒 giya, みりん kuma mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi da ake girki da ita. A Koriyanci 돼지 alade ne, 술 giya. Sunan alade da Japananci ba zai yi maka wuyar riƙewa ba, don *buta* ake ce masa, daidai da butar alwala. Duk inda ka ji buta a sunan abinci, ka wuce.

1. Ka gama da maganar giya kafin ka zaɓi wuri

Ba zan ɓoye maka ba, izakaya da pocha wuraren sha ne tun asali. Koriyawa ma suna da kalma ta musamman, *anju*, ga abincin da ake ci tare da giya, kuma rabin abin da za ka gani a takardar abincin anju ne. Ga kuma hadisin da Tirmizi ya ruwaito mai hana wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya. Wannan ba abin da za a tsallake ba ne don ana son ɗanɗana kifi.

Ga yadda nake yi. In ni ne na haɗa fitar, to teburinmu ba giya, kuma nakan fara neman wuri mai shaidar halal ko wanda Musulmi ke gudanarwa. Akwai su a Tokyo, masu tsiren kaza da gasasshen nama irin na Japan, sai dai ba su da yawa, dole ka bincika kafin ranar. A Seoul abin ya fi sauƙi, domin hukumar yawon buɗe ido ta Koriya ta kasa gidajen abinci gida huɗu: masu takardar halal, waɗanda mai shi Musulmi ya ba da shaida da kansa, masu wasu abinci na halal amma suna iya sayar da giya, da waɗanda alade kawai suka cire. Ka duba wanne ne kafin ka je, kada ka ga alama kore a ƙofa ka ɗauka duk ɗaya ne.

Inda abin ke da nauyi shi ne gayyatar wurin aiki ko ta malamin jami'a, wadda Japanawa ke kira *nomikai*, Koriyawa *hoesik*. A nan ba kai ke da tebur ba. Ka tambayi malamin da ka yarda da iliminsa tun kafin gayyatar ta zo, ka tsaya a kan abin da ya gaya maka. In ba za ka je ba, ka faɗa wa mai gayya da wuri, ka kuma ba shi madadi: "Mu ci abincin rana tare ranar kaza." Ban taɓa ganin wanda ya yi fushi da wannan ba. Abin da ke ɓata musu rai shi ne ka amsa, a biya kuɗin kujerarka, sannan ka ƙi zuwa.

2. Zaɓi unguwa, ka kama wuri

Ga mai son ɗanɗana na Japan da na Koriya a dare ɗaya, ban san inda ya kai Shin-Okubo ba. Tasha ɗaya ce daga Shinjuku a layin Yamanote. Nan ce unguwar Koriyawa ta Tokyo, kuma 'yan taku kaɗan daga tashar akwai lungun da ake kira Islam Yokocho, cike da shagunan nama da kayan yaji na halal, da ɗan masallaci a saman bene. In wurin da ka nufa bai yi ba, ba za ka rasa abin ci ba.

In ba ka samu wuri mai halal ba, nemi izakaya ta kayan teku, *kaisen izakaya*. Wasunsu ma kan ajiye muku ɗan murhu a tebur ku gasa da kanku, ka ga ba maganar an gasa alade a kan wayar kafin naka. Lungun Omoide Yokocho da ke yammacin tashar Shinjuku kuwa yana da kyan gani, ka bi ta ciki ka ba idonka abinci, amma yawancin gashin da ke ƙamshi a wurin kayan cikin alade ne. A Seoul, rumfunan Jongno 3-ga su ne pocha na ainihi. Mai son kwanciyar hankali kuma ya hau tudun Itaewon, inda Babban Masallacin Seoul yake tun 1976, gidajen abinci na halal jere a hanyarsa.

Ranar Juma'a da Asabar ka kama wuri tun da rana. Lokacin kamawar ne ya fi dacewa ka faɗi abin da ba ka ci, ba sai shago ya cika mai girki na gumi ba.

Kashedi babba: kada ka bi 'yan kamashon da ke tare mutane a titi, musamman a Kabukicho, unguwar shaƙatawa ta Shinjuku, suna cewa akwai wuri mai araha a hawa na biyar. Abin da suke yi ya saɓa wa doka, kuma ta hannunsu ne baƙi ke faɗawa shagunan da ake ninka musu kuɗi. Wuri mai kyau ba ya farautar mutane a titi.

3. Daidaita fitar da lokacin salla

A Tokyo rana kan faɗi wajen ƙarfe 4:30 a watan Disamba, wajen 7:00 a watan Yuni. Da hunturu ka yi Magariba da Isha'i a masauki sannan ka fito hankali kwance. Da bazara kuwa ka kama wuri ƙarfe 7:30, ka yi Magariba a masallacin unguwar tukuna. Kada ka sa ran wurin salla a cikin shago; wani ma wurin rataye jaka da kyar ake samu.

4. Shiga da zama

Kafin ka ɗaga labule, duba ƙofa ko akwai alamar ana shan taba. Tun Afrilun 2020 an hana shan taba a cikin yawancin gidajen abinci na Japan, amma an bar wa wasu ƙanana, kuma a irinsu ba a shiga da wanda bai kai shekara 20 ba.

Kana shiga za a ɗaga murya a ce *irasshaimase*. Maraba ce, ba ta buƙatar amsa. Ka nuna yawanku da yatsu. In an nufi da ku ɗaki mai tabarma ko dandamali mai rami a ƙarƙashin tebur, ka cire takalmi a inda ka ga na wasu. Akwai silifa na musamman a ƙofar ban-ɗaki. A can ake sa shi, a can ake barinsa.

Za a miƙo ɗan jiƙaƙƙen tawul, *oshibori*. Na hannu ne. Ka goge, ka naɗe, ka ajiye gefe.

Nan take, kafin a kawo komai, ka miƙa katin bayaninka da hannu biyu. In kana son faɗa da baki: *butaniku to osake wa dame desu*, wato alade da giya ba su yiwuwa gare ni. A Koriya: *dweji-gogi mot mogoyo*, ba na iya cin alade, *sul mot mashoyo*, ba na iya shan giya. Ma'aikacin zai iya ɗaukar katin ya kai wa mai girki, su ɗan jima suna shawara. Ka yi haƙuri, alama ce mai kyau. In ya dawo yana jan iska ta haƙora yana cewa *chotto muzukashii*, "da ɗan wuya", to a'a yake nufi. Kada ka matsa. Ka yi godiya ku nemi wani wuri tun ba ku taɓa komai ba.

Dalilin gaggawar shi ne *otoshi*. A izakaya ana kawo wa kowa ɗan ƙaramin kwano da bai yi oda ba, kuma ana caji, galibi yen 300 zuwa 500. Kuɗin zama ne a fakaice, ba cuta ba ce, kowa na biya. Amma me ke cikin kwanon, mai girki ne ya zaɓa, kuma sau da yawa dafaffen abu ne da guntayen alade. In ka riga ka yi bayani, yawanci sukan sauya maka da wake ko kabeji.

5. Abin sha na farko

Al'adarsu ce a fara da abin sha kafin abinci, kuma ana sa ran kowa ya yi odar ko da kofi ɗaya. Ka ce *uron-cha*, baƙin shayi mai sanyi marar sukari, ko lemon citta, ko Calpis, wani farin abin sha mai ɗan tsami kamar tsinkakken nono.

A nan ne sababbi suka fi faɗawa rami. *Uron-cha* shayi ne, *uron-hai* kuwa shayin ne aka zuba wa barasa, kuma a kofi kalarsu ɗaya. Duk sunan da ya ƙare da *hai* ko *sawa*, giya ce, ko da lemon tsami ko Calpis ne a farkonsa. Wani baƙona ya taɓa danna *uron-hai* a allon oda saboda hoton shayi ya gani. Allah ya sa wari ya tsayar da shi kafin ya kurɓa. Tun daga ranar ni nake yin odar abin sha na farko da bakina. Haka gwangwanaye masu hoton 'ya'yan itace a firiji, a duba alamar 酒 a jikinsu. Masu rubutun "marar giya" ma a duba: a dokar Japan abin da bai kai kashi 1 cikin 100 ba ba a lissafa shi giya, don haka sai ka ga 0.00 ne za ka tabbata. Ni dai nakan bar su gaba ɗaya, shayi ya ishe ni.

A pocha abin kiyayewa biyu ne. Kwalba mai launin kore ta giyar soju, wadda abin cikinta garau yake kamar ruwa. Sai makgeolli, fari mai kauri da ake zubowa daga butar alminiyam a sha a kwano, wanda duk Bahaushen da ya gani zai ɗauka kunu ne. Giyar shinkafa ce. Ka nemi *boricha*, shayin sha'ir, ko *saida*, wanda a Koriya lemon kwalba ne fari marar giya.

In an yi muku tayin *nomihodai*, sha-iya-shanka na awa biyu a kuɗi ɗaya, ku ƙi, sai in akwai na lemo zalla.

6. Zagayen farko: masu sanyi, masu saurin zuwa

Kada ka yi odar komai lokaci guda. Teburin ƙarami ne, abinci zai huce, kuma daɗin wurin shi ne a yi ta kira kaɗan-kaɗan. Faranti biyu ko uku a kowane zagaye. In akwai maɓallin ƙararrawa a tebur ka danna. In babu, ɗaga hannu ka ce *sumimasen* a Japan, *jogiyo* a Koriya, da murya sosai. Ba rashin kunya ba ne a wurinsu.

Nakan fara da *edamame*, ɗanyen waken suya da aka dafa a kwansonsa da gishiri. Ana matse ƙwayar a baki a ajiye ɓawon a kwanon da aka tanada. Sai *hiyayakko*, wato awara ce, amma ba soyayya irin tamu ba: mai laushi, mai sanyi, da citta da lawashi da siraran busasshen kifi a kai. Baƙi kan yi mata kallon raini, sannan su nemi ƙari. Sai kokwamba da gishiri da man riɗi, ko tumatir yankakke.

Salak ɗin dankali kuwa, wanda kowa ke ɗauka ba shi da matsala, kusan kullum da yankakken naman alade a ciki. Haka *gyoza*, 'yan ƙunshin fulawa masu nama a ciki, haka taliyar *ramen* da *yakisoba* a yawancin wurare.

Mu da muka tashi a mazhabar Malikiyya muna da sauƙi babba a nan, domin duk abin da ke rayuwa a teku halal ne a wurinmu: kifi, jatan lande, ƙaguwa, da masu ƙwanso. Saboda haka *sashimi*, ɗanyen kifi yankakke, yana cikin abincin da ya fi kowanne tsira daga shakka, don ba abin da aka haɗa shi da shi. Na san zuciyar Bahaushe ba ta karɓar ɗanyen kifi da sauri. Ka fara da yanka ɗaya na *maguro* (kifin tuna) ko *samon* (kifin salmon), ka ɗan taɓa miyar waken suya, ka sa koren yajin wasabi kamar ƙwayar gero. Ba ƙarni. In bai yi maka ba ka bar shi, gashi na tafe.

Ita miyar waken suyan, *shoyu*, ana samun ɗan burbushin barasa a cikinta daga tsimuwar da take yi, wasu kamfanoni kuma kan ƙara don kada ta lalace. Malamai sun saɓa a kai. In kana cikin masu kaucewa, ka sayi ƙaramar kwalba mai shaidar halal a Islam Yokocho ka shigo da ita, ka nuna wa ma'aikaci. In babu, gishiri da lemon tsami sun isa.

7. Zagaye na biyu: gashi da suya

Za a tambaye ka: *shio* ko *tare*? Shio gishiri ne zalla. Tare kuwa, duk da sunansa ya yi kama da namu, baƙar miya ce mai zaƙi da aka haɗa da mirin da giyar girki, kuma a tukunya ɗaya ake tsoma kowane tsinke. Amsarka kullum: *shio de onegaishimasu*.

A wuri mai halal, ka more *yakitori*, tsiren kaza a kan gawayi. Ba ƙuli, ba yaji, amma kowane sashe da tsinkensa: *momo* cinya, *negima* cinya da lawashi, *sunagimo* ƙundu, *kawa* fata da aka gasa har ta yi ƙaras-ƙaras. A wurin da ba halal ba, kazar ba yankan Musulmi ba ce, ka bar ta. Kada kuma ka rikita *yakitori* da *yakiton*, na biyun alade ne.

Kifi ya isa ya riƙe daren. *Hokke* babba ne da aka tsaga aka ɗan shanya sannan aka gasa, ɗaya ya ishi mutum uku, kuma shi ne abin da ban taɓa tsallakewa ba. *Saba shioyaki* sukumbiya ce da gishiri, baƙo zai gane ta nan da nan. *Shishamo* 'yan ƙanana ne da ake ci har kai. A haɗa da gasasshen barkono *shishito* da naman kaza, wato mushroom, ba na kazar gida ba.

Tambaya biyu ga mai girki: ana gasa alade a kan wayar nan? Ana soya alade a man nan? Ta biyun ce ake mantawa. Soyayyen jatan lande ko dankali na iya fitowa daga kaskon da aka soya *tonkatsu*, wato soyayyen alade. In mai ɗaya ne, ku tsaya kan gashi. Wainar ƙwai naɗaɗɗiya ma a tambaya, don wasu na sa mata mirin.

8. In teburin na Koriya ne

Cokali da tsinkayen ƙarfe na cin abinci suna cikin durowa a gefen tebur, kada ka zauna jira. Ruwa sau da yawa kai ne za ka ɗebo. Ƙananan kwanonin da ake jerowa, *banchan*, kyauta ne, kuma ana ƙarawa in ka nema.

Farkonsu kimchi: kabeji da aka tsima da gishiri, barkono, tafarnuwa, citta da ruwan kifi ko jatan lande. Shi kansa ba nama. Matsalar tana zuwa in an dafa shi: miyar kimchi, wainar kimchi, da awara da soyayyen kimchi, duk da alade aka saba yi. Ka ce *gogi ppe juseyo*, a cire nama, amma in an riga an haɗa tun safe ba yadda za a yi.

Abin da nake odar shi ne *haemul pajeon*, faffaɗar wainar fulawa mai lawashi da kayan teku, a ci da zafinta, *gyeran-jjim*, turararren ƙwai mai tasowa a tukunyar ƙasa, gasasshen kifi, da masara da cuku a kasko. *Tteokbokki*, curin kirɓaɓɓiyar shinkafa a jar miya mai yaji da zaƙi, shi ne mutanenmu suka fi so, don yajin ya yi kusa da na gida. Ka dai tabbatar ba a jefa tsiran alade ko *sundae* a ciki ba. Sundae hanjin alade ne da aka cusa wa jini da taliya, kuma a rumfuna kusa da juna ake ajiye su. Jan markaɗaɗɗen barkonon da ake miyar da shi, *gochujang*, na kamfani kan zo da ɗan barasa kamar shoyu. Hukuncin da ka ɗauka a can shi za ka ɗauka a nan. *Samgyeopsal*, *jokbal*, *bossam* da *budae-jjigae* kam ba sai an tambaya ba, alade ne.

9. Ladabin tebur

Ka ɗiba daga farantin tsakiya zuwa ɗan farantinka, sannan ka ci. Abu biyu ne Japanawa ba sa so ko kaɗan: soka tsinkaye a tsaye cikin shinkafa, da miƙa abinci daga tsinke zuwa tsinke. Duka biyun na jana'izarsu ne, na biyun ma haka suke tsince ƙasusuwan mamaci bayan ƙonawa. In tsinkayen sun gagare ka, nemi cokali mai yatsu, ba wanda zai kula.

A Japan ana ɗaga kwanon shinkafa zuwa baki. A Koriya ana barinsa a tebur a ci da cokali. A Koriya babba ke fara ci, kuma da hannu biyu ake karɓar abu daga wurinsa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi a gidan Hausa. Ka kuma lura da kofin na kusa da kai, in shayinsa ya ƙare ka zuba masa.

10. Rufewa, biya, da jirgin ƙarshe

Wurare masu cika kan ba ku awa biyu, a zo a sanar da odar ƙarshe saura rabin awa. A nan ake neman abin rufe ciki, *shime*. *Ochazuke* shinkafa ce da aka kwarara wa shayi ko romon kifi, da kifi mai gishiri a kai. *Yaki-onigiri* curin shinkafa ne da aka gasa har ya yi ƙanzo, sai dai ana shafa masa shoyu, wani lokaci da mirin. In kana kaucewa, nemi curin da ba a gasa ba.

Don neman lissafi ka ce *okaikei onegaishimasu*, ko ka gitta yatsu biyu. A teburin mai karɓar kuɗi ake biya, a ɗan tiren da ke wurin ake ajiye kuɗi. Ku haɗa kuɗin a tebur mutum ɗaya ya je, don ƙananan shaguna ba sa raba lissafi. Ka duba takardar: otoshi sau yawanku, da harajin kashi 10 cikin 100 in ba a riga an haɗa ba. Ba a ba da tukwici a Japan ko Koriya. In ka bar canji a tebur, za a biyo ka titi da shi. Abin da mai girki ke so shi ne kalma: *gochisosama deshita* a Japan, *jal mogossumnida* a Koriya. Wanda ya sauya maka otoshi, ya duba maka kwalbar miya, ya cancanci ka dube shi ka faɗa.

Ka nufi tasha kafin ƙarfe 11:30. Jiragen Tokyo kan tsaya jim kaɗan bayan sha biyun dare, masu zuwa bayan gari ma kafin nan. A wannan lokacin dandamali cike yake da waɗanda suka sha, ka tsaya bayan layin rawaya, ka riƙe na tare da kai. A tashar Shin-Okubo akwai allon tunawa da Lee Su-hyon, ɗalibi ɗan Koriya, da Sekine Shiro, mai ɗaukar hoto Bajapane, waɗanda jirgi ya kashe ranar 26 ga Janairun 2001 sa'ad da suka sauka kan dogo don ceto wani da ya faɗa cikin maye. Rubutun da harsunan ƙasashen biyu aka yi shi. Nakan nuna wa baƙina in mun zo wucewa.

In jirgin ya kuɓuce muku, tasi a Tokyo na ƙara kashi 20 cikin 100 daga ƙarfe 10 na dare zuwa 5 na asuba, don haka sai in masaukin na kusa ko ku huɗu ne za ku raba. In da nisa, ku nemi otal mai ƙananan ɗakunan kwana kamar akwati, ko shagon intanet mai buɗewa dare da rana, ku jira jirgin farko wajen ƙarfe 4:30 zuwa 5:00.